Farar Rigar da Kaka Ba Ta Ƙarasa Ba

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, Ubangiji ya kira ki gida, Kaka. Goggo, 'yarki ta fari, ita ta same ki zaune a gaban keken ɗinki, kin kifa kai a kan hannu, jiki ya riga ya yi sanyi. Likita ya ce tun kafin gari ya waye kika cika. Amma maƙwabciyarki mai sayar da gawayi ta dage cewa ta ji keken nan yana tafiya har hantsi. Mun ce mata kunne ne, ta ce ita dai ta ji.

Duk wanda ya rasu a cocinmu, ke kike ɗinka masa farar rigar da za a sa shi cikin akwati. Ba ki taɓa auna kowa ba, ido kawai kike ɗora wa mutum. Shi ya sa muna yara in kin ƙura mana ido mukan ruga, muna cewa, “Kaka, kalli wani wajen!” Ke kuwa ki yi ta dariya, ki ce da ni, “Mijin nan nawa matsoraci, wa zai ɓata yadi a kanka?”

Wasa ne, amma akwai abin da ba ma faɗa da ƙarfi. Sau da yawa kikan yanka yadi tun saƙo bai iso ba. Lokacin da mai gadin coci ya rasu, lafiyarsa lau ranar Lahadi, shi ya buɗe mana ƙofa. Ranar Litinin aka zo gaya miki, aka tarar kina goge rigarsa. Na tambaye ki yadda kika sani, kika ce ba ki san komai ba, hannu ne ya yi ƙaiƙayi.

Duk da haka ba wanda ya guje ki. Ke ce mai zama da majinyacin da dangi suka gaji da shi, kina shafa masa ƙafa kina rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa. Marayun layinmu ba su taɓa zuwa makaranta da yagaggen wando ba. Ni ma da babanmu ya kore ni, ɗakinki na kwana a cikin tsummoki, kika yi mini addu'a da sunana, ba ki tambayi laifina ba.

Abin da ya hana mu sukuni shi ne abin da muka tarar a bakin keken. Farar riga ce ƙarama, ta yarinya, allura tana cikin yadin, saura hannu ɗaya. Kin kuma san takwararki, 'yata, tana kwance a asibiti da ciwon ƙirji, an sa mata robar numfashi. Matata na ganin rigar ta zube a ƙasa. Goggo ta ce a ƙona. Fasto ya ce yadi yadi ne, rai kuwa a hannun Allah yake, amma shi ma bai taɓa ta ba. Ni haushinki na ji, Kaka, ba zan ɓoye ba. Na ce ashe za ki tafi ki ja mini yarinya.

Haka rigar ta zauna muna kewaye ta, har wata tsohuwa ta zumuntar matan coci, wadda kuke shirya gawa tare, ta zo gaisuwa. Ta zare allurar, ta juya rigar ciki waje, ta bi bakinta da yatsa. Sai ta kira matata.

“'Yata, zo ki taɓa nan. Kin ji ninki? Ya kai faɗin tafin hannu. Mu ba ma barin ninki a rigar mamaci, don ba ya ƙara tsawo. Wannan ta mai ƙara girma ce.”

Matata ta rungume rigar ta fashe da kuka. Yanzu tana can gefen gado a asibiti, tana haɗa hannun rigar da zare da allura, ita da ko maɓalli ba ta iya sawa daidai ba. Likitoci har yau ba su ce mana komai ba, yarinyar kuma ba ta buɗe ido sosai. Tsoro bai sake ni ba. Amma idonki bai taɓa kuskuren awo ba, kuma a karon farko ina fatan kada ya yi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Goggo da babanmu, da jikoki da tattaba-kunne, da matan zumunta waɗanda suka rasa uwa. Allah ya ba mu haƙuri. Ubangiji Yesu, wanda kika bauta wa da hannuwanki, ya ji ƙanki, ya karɓe ki cikin hutunsa, ya sa miki rigar da ba ta tsufa.

Ya kuma bar mana takwararki, Kaka, ta tashi, ta yi tsawo, har ranar da za mu warware ninkin nan.