Ƙauyen da Ke Kan Teburin Atamfa

Shagon marigayi maigidana a Kantin Kwari yana jikin na wani tsoho ɗan Labanan. Baduruze ne, wato mabiyin wani ƙaramin addini na can ƙasarsu. Ya ce mutanensu ba su da yawa, ba sa aure a waje, ba kuma a shiga addininsu. Ƙauyensu yana kan dutse, kuma kullum raguwa yake. Tsoronsa ɗaya: ya mutu ba wanda ya san gida-gida na ƙauyen. 'Ya'yansa a Fagge aka haife su, da ya fara labarin sai su sulale.

Sai ya kama maigidana. In kasuwa ta lafa, ya jera turamen atamfa a kan tebur. Kowane turmi gida ne. Shuɗi shi ne idon ruwa, inda kakanninsu suka fara sauka da suka gudo daga yaƙi. Gidan da mutanensa suka bi jirgin ruwa a shekarun yunwa kuwa, sai ya kifa shi.

"Alhaji, wannan na wa ne?"

"Na maƙeri, Baba."

"Maƙeri a gefen ruwa? Kai ko akuyar garinmu ta fi ka!"

"To ku ba ni fili mana in zauna, in koya da kyau."

"Ƙofa a rufe take. Leƙe kawai za ka yi."

Wata rana na kai abinci, na tarar ana ta dariya a layin. Tsohon ya tafi banɗaki, wata hajiya ta zo ta nuna turmi mai ruwan goro, maigidana ya sayar mata don ya taimaka. Ashe gidan mahaifiyar tsohon ne. Na ga dattijo da sandarsa yana kutsawa tsakanin 'yan adaidaita yana cewa, "Hajiya, tsaya, kin tafi da uwata." Maigidana na biye da shi riƙe da ciki don dariya. Hajiyar ta ƙi mayarwa sai da aka ba ta gidan maƙeri da na mai zaitun a madadinsa.

Da tafiya ta yi nisa maigidana ya haddace ƙauyen kaf. A gidanmu na Sabon Gari har gardama yake da kansa kan wa ya auri wa.

Shi ya riga tsohon rasuwa. Tsohon ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma da ƙyar. Da zai tashi ya ce: "Na zaci shi zai riƙe mini ƙauyen."

Bayan na fita takaba na je shagon. Na ce, "Baba, jera."

Ya dube ni, ya jera, sannan ya tattara ya ce in gwada. Na sa maƙabarta a tsakiyar gari, na haɗa wa da ƙanwarsa aure. Ya buga tebur, ya ce ko mijina bai yi wannan ɓarnar ba, in dawo gobe da wuri.