Yadda Tsamiya ta koma Samiya

Ƙauyenmu na hanyar Bibemi, Tsamiya ne sunansa. Kakana ne ya fara sauke wa jakunansa kayan goro a gindin bishiyar, mutane suka biyo shi da bukkoki. A inuwarta muka yi daka, a nan kasuwa ke ci.

Shekarar da aka buɗe hanyar mota, ma'aikata suka sare ta, suka kafa allo da Faransanci. Ni ban yi boko ba, a bakin direbobi na fara jin wai Samiya.

Jiya jikata ta ce, “Kaka, wace ce Samiyar nan? Kyakkyawa ce?”

Na ce, “Ke, ja'ira, bishiya ce! Zauna ki koyi sunan garinku tun ina da haƙoran faɗarsa.”