Ranar da Na Yaɓe Bangon Ɗakina

Jikana ne ya zo mini da maganar, ɗan babbar 'yata, wanda nake kira maigida don tsokana. A Zawaciki yake zaune, sana'arsa ɗaukar hoton biki da suna, amma tun yana ƙarami zuciyarsa na kan fim. Ya same ni da la'asar ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki, ya ja kujera 'yar tsugunno ya zauna, ya ce, "Hajiya, fim zan yi a kan bango."

Na ce, "Mutanen garin ne suka ƙare, ko su suka ƙi ka?"

Ya yi dariya, ya zaro waya yana nuna mini. Ga wasu duwatsu a Birnin Kudu da aka zana wa shanu tun zamanin da ba wanda ya san ko su wane ne. Ga wasu biranen Turawa inda samari ke fesa fenti a jikin jirgin ƙasa, 'yan sanda na bin su da gudu, yau kuma wai biyan su ake yi su zana. Shi so yake ya ɗauko labarin tun daga dutse, ya biyo da shi har katangun Kano. Ya ce ɗan Adam bai taɓa ganin bango fili ya ƙyale shi ba.

Na ce wannan ai ko ba waya da na gaya maka.

A nan Challawa aka haife ni, tun ba katangar kamfani ko ɗaya, sai gonaki da kukoki. A idona aka ja katangu, dogaye, farare tas. Ba su yi damina biyu ba suka cika. Da na yi aure, Malam yana aiki a wata masaƙa a Bompai, ni kuma daga baya na kafa tukunyar ɗanwake a bakin wani kamfani a Sharada. Shekaru na yi ina jingine da katanga. Ban san baƙaƙen rubutu ba, amma na san bango. In na ga rubutu manya-manya da hoton wani abu a gefe, zaɓe ya matso. In ƙanana ne da lambobi a jere, mai maganin basir ne. In ja ne an gicciye, to wani zai kwana da baƙin ciki, rusau ke tafe. Akwai wani ma'aikaci mutumin Nijar, dogo, mara magana, da kullum in ya gama cin ɗanwake sai ya ɗauki gawayi daga murhuna ya zana raƙumi a katangar. Maigadi ya wanke, gobe mutumin ya sake zanawa. Har maigadin ya gaji, ya koma yana cewa, "Yau kuma wuyan ya yi gajere."

Ina cikin ba shi labarin nan na lura ba ni yake kallo ba. Saman kaina yake kallo.

Ɗakina shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan, sauran duk 'ya'ya sun mayar da su bulo. A fuskar ɗakin akwai zanen da na yi da hannuna. Goggona ce ta koya mini. A da, in damina ta ɗauke, mace takan sa a yi wa ɗakinta sabon yaɓe, tun yana ɗanye ta bi shi da yatsu da totuwar masara. Goggo tana da sunan kowane layi: wannan tafiyar maciji, wannan sawun kaza, wannan gashin zabuwa. Na daɗe ban sake nawa ba, tun kafin rasuwar Malam, gwiwa ta hana. Ya tsattsage, hayaƙi ya dafe shi, zanzaro ya yi gidaje a lungunansa.

Maigida ya miƙe, ya shafa shi a hankali kamar mai shafa kan jariri. Ya ce, "Tsohuwa, ashe a gidanmu farkon fim ɗina yake." Ya ce Asabar mai zuwa zai zo da abokan aikinsa. Akwai wani a Nassarawa da zai ara masa babbar kyamara, amma ta yini ɗaya ce tak, washegari za a tafi da ita wani aiki mai nisa. Abin da suka ɗauka ranar shi zai kai wa masu taimaka wa irin wannan aiki, su gani ko za su tsaya masa.

Da ya tafi na juya na dubi bangon da idon baƙo. Kunya ta kama ni. Ni da ake kawo 'yan mata kallon ɗakina, a ce yau za a nuna wa duniya shi da tsaga da gidan zanzaro? A gidan da na tashi, ko baƙuwa ɗaya za a yi sai an gyara fuskar ɗaki, balle duniya.

Maginan ƙasa sun yi wuya yanzu. Da ƙyar aka samo mini wani tsoho da ya koma gadin sito a Dakata. Ƙasar ma sai da aka je nesa, don ta bakin koginmu ruwan majema ya ɓata ta, wari take. Aka kwaɓa da ciyawa, aka bar ta ta kwana ta ruɓa yadda ake so. Ranar Asabar maginin ke hutu, ya zo da sassafe, kafin hantsi ya shafe fuskar ɗakin sumul.

Suka shigo da sallama su uku: maigida, da wani saurayi mai ɗauke da kyamara, da wata budurwa mai doguwar sanda ta ɗaukar murya. Maigida ya tsaya cak a tsakar gida.

"Hajiya, ina zanen?"

"Yana ƙarƙashi. Ka ga yadda ya yi kyau?"

Ya zauna a kan turmi, ya dafe kai. Can ya ce, "Tsagar nan nake so. Hayaƙin nan nake so. Tsufansa shi ne fim ɗin."

Na ce, "In tsufa kake nema, ga ni zaune."

Abokansa suka ƙyalƙyale, shi bai yi dariya ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma rabona da ganin haka tun yana ɗan makaranta. Yini ɗaya aka ba shi, rana kuma tana tafiya.

Maginin yana wanke hannu a bokiti, ya ce, "Hajiya, in za a yi zanen a yi. Rana na zagayowa nan, in ya sha iska ba zai karɓi yatsa ba."

Abin da ba su sani ba, tun da aka gama yaɓen na tsaya gabansa sau da yawa, hannuna bai gano inda ake farawa ba. Sunayen layukan suna kaina, amma yatsu sun yi shiru.

Budurwar ce ta matso, ta ce, "Hajiya, ku yi kawai, kada ku dubi wajenmu. Ku ɗauka ba kowa a gidan."

Na ce, "'Yar nan, da mutane ake yin sa. Goggo ba ta taɓa zane ba sai mata sun cika tsakar gida suna tsegumi."

Na sa aka miƙo mini ƙwarya da ruwa, na naɗe hannun riga, na yi bismillah daga dama da ƙofa. Layin farko ya karkace kamar hanyar mai maye. Na jiƙa tafi na shafe shi. Na biyu ma haka. A na uku ne na ji sanyin ƙasar ya ratsa yatsuna, macijin ya kama hanya, ya yi ta tafiya har ƙarshen bango. Daga nan ban sake tunani ba. Na karɓi totuwa na bi da gashin zabuwa, bakina na ba su labarin Goggo, yadda take zagin duk wadda layinta ya yi rawa. Ban san lokacin da maigida ya tashi daga kan turmi ba. Sai dai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa a bayana yana cewa, "Matso kan hannun. Hannun kawai."

A da turmi nake hawa in yi saman. Yanzu iyakar kafaɗata na tsaya, kafin in huta rana ta iso, saman ya bushe fili. Har yau haka yake.

Da yamma suna naɗe kaya ya zo ya durƙusa gabana da kyamarar, ya nuna mini a 'yar tagarta. Ga hannu baƙi, duk jijiya, yana tafiya a kan jar ƙasa. Ban taɓa ganin hannuna daga waje ba. Ya ce, "Amarya, kin kashe mini fim ɗaya, kin ba ni wani. Da wannan zan buɗe, daga nan sai duwatsun."

Na ce, "To, amma layukan nan biyu da suka karkace, ka yanke su."

Ya ce, "Su ne ma ba zan taɓa ba."

Na ce in ya nuna wa duniya karkataccen layina, na sake shi saki uku. Ya ce ai ba mace ke saki ba. Masu taimakon da ya kai wa sun gani, sun ce ya ci gaba, yanzu haka yana bin katangun Sharada da Bompai yana ɗauka. Maganar layukan kuwa ba mu gama ba. Duk zuwan da zai yi sai na tayar da ita.