Wardin Baba da ragowar ruwan buta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Garba, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo jikina mutuwa yake yi, amma bana wallahi cikin murna nake wannan rubutu. Wardinsa ya dawo.

Wanda ya san ƙauyenmu a ƙasar Minjibir ya san ba a barin ko taku ɗaya na ƙasa a banza. Gero, dawa, gyaɗa, har gindin katanga kuɓewa ce. A irin wannan wuri Baba ya je birni sayar da gyaɗa, ya dawo da ɗan reshen furen wardi mai ƙaya a leda, ya dasa a tsakar gida kusa da wurin alwala. Abokansa suka sa shi gaba da tsokana, wai Garba ya koma noman abin da ba a miya da shi. Shi kuwa sai dariya. Duk furen da ya fara buɗewa, da 'yar wuƙarsa yake yankowa. Idan ya gama shan fura, sai ya mayar wa Inna, mahaifiyarmu, ƙwaryar da furen a kan faifai. 

Bayan rasuwarsa Inna ta karɓi renon wardin. Duk alwala sai ta juye masa ragowar ruwan buta tun daga sama, kamar mai yi wa jariri wanka. Jikoki suka ɗauka, baƙi ma suka ɗauka, kowa na neman lada, rani da damina. Ganyen da ya zube kuma ta share ta tara masa a gindi, wai taki, yadda muke yi a gona.

Damina biyu da suka wuce sai baƙaƙen ɗigo suka feso a ganyen, gefensu ya yi rawaya, ganye ya dinga zuba har rassan suka koma tsirara. Fure ya ɗauke gaba ɗaya. Inna ta ce bakin mutane ne, ta barbaɗa toka, abu ya ƙi. Yayanmu, da ba ya tauna magana, ya ce a tumɓuke shi a dasa zogale. Ranar Inna ko tuwo ba ta taɓa ba. Hankalina ya tashi, domin cikin duk abin da Baba ya dasa da hannunsa wannan kaɗai ya rage mata.

Na ɗauki hoton ganyen a waya na tura wa Malam Nura, malamin gona na yankinmu. Da Baba na nan da ya yi dariya har da riƙe ciki, a ce wardinsa ya ga likita ta waya. Malam Nura ya zo a kan mashin, ya juya ganyen, ya tona tarin da ke gindin, ya kuma ga Inna tana juye butarta.

Ya ce, "Hajiya, fumfuna ce. Laima take so. In ganye ya daɗe a jiƙe sai ta kama shi, wanda ya zube kuma a cikinsa take zama ta sake hawa."

Inna ta dafe ƙirji. "Wato ni nake kashe shi?"

"Kulawar ce ta yi yawa, Hajiya."

Sai a lokacin muka tuna Baba da safe kawai yake ba shi ruwa, kuma a gindi. Mun ɗauka halinsa ne kawai.

Malam Nura ya ce a kwashe ganyen nan a ƙone, a rage rassa iska ta shiga, a yi feshin maganin fumfuna irin wanda masu tumatir ke saye, a maimaita yadda aka rubuta a jikinsa. Da Inna ta ji batun yanka sai ta kafe, ta ce babu ƙarfen da zai taɓa abin da maigidanta ya dasa. Na ce, "Inna, ba shi da kansa yake yi masa aski duk shekara ba?" Sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa don kar ta gani. Muka yanke.

Tun daga nan Inna ta zama 'yar sandan wurin alwala. Ko liman ne ya ɗaga buta sai ta ce, "A gindi, Malam, kuma sai da safe." Sabon toho ya fito tas, babu ɗigo ko ɗaya.

Gonakin da Baba ya sani rabinsu sun zama gidaje, abokan tsokanar nan saura ƙalilan. Abin da ya rage mana nasa shi ne yarda cewa abu mai daɗin kallo da ƙamshi ma ya cancanci wuri a gidan manomi.

Shekaranjiya Inna ta kira ni a waya, ta ce in hau mota in zo ƙauye. Na tarar da fure ɗaya ja wur, ya buɗe, ƙamshi har zaure. Ba ta taɓa shi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da faifai da 'yar wuƙar Baba, wadda ban san ta adana ba, ta miƙo mini.

Ta ce, "Yanko mini. Na farko nawa ne."