Wilin Ya Shiga, Amma Bai Zauna Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar jiha, na haura shekara talatin, aurena ya mutu na dawo gidanmu a Abakpa. Na sayi mota da gumina, kuma kaina ya yi girma da ita fiye da kima. Ba na son a ce mace ba ta san mota ba, alhali iyakar sanina shi ne in sha mai in murɗa makulli. Mahaifina kuwa tsohon direban gwamnati ne, ya yi ritaya bai taɓa ko buge akuya ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi ta ɓangaren dama, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi fama kafin ta fito. Mahaifiyarmu ta rasu, ƙannena suna nesa, don haka ni ke kai shi asibiti gashin ƙashi sau biyu a mako. Likitoci sun ja kunnena kada mu riƙa tsallake rana, domin yatsunsa sun fara motsi.

Abin da ya ja mini ba wani abin kirki ba ne. Motata tana da baƙin wili na ƙarfe, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kansa. Wata abokiyar aikina ta dube ta a wurin ajiye motoci ta ce ta yi kama da mace ta ci ado ta sa silifas ɗin banɗaki. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Ranar Asabar na nufi wani shagon kayan mota a wajen Kinkinau, na zaɓi wilin aloyi guda huɗu masu sheƙi, na bar wa mai shagon nawa tsofaffin. Na tambaye shi ko za su yi wa motata, ya ƙirga ramukan kusoshin da yatsa ya ce Hajiya ai biyar ne nan, biyar ne can, magana ta ƙare. Da aka ɗora na gaba sai ya ƙi juyawa, cikinsa yana gugar birki. Mutumin ko a jikinsa. Ya shiga ciki ya fito da wani faifan ƙarfe mai kaurin yatsa, ya ce sunansa sifesa, ana sa shi a bayan wili ya turo shi waje. Aka sa, aka ɗaure, ya juya tayar da hannu ta yi ta gudu, ya buga mata tafin hannu ya ce ya zauna. Na biya na fito ina jin kaina.

Na iso gida bayan la'asar, Baba yana zaune a kujerarsa a ƙofar gida. Ya daɗe yana kallon tayar gaba, sannan ya nuna ta da sandarsa yana ƙoƙarin magana. Da ƙyar na gane yana cewa noti ne, noti. Na yi dariya na ce masa ya huta, motocin yanzu ba irin nasu na da ba ne, masu sana'ar sun duba sun ce ya zauna. Wannan maganar ita ce ta fi ci mini rai har yau. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan sitiyari na mayar da shi tsoho mai sambatu, don kawai bakinsa ba ya iya kare hujjarsa. Bayan kwana kaɗan sitiyari ya fara rawa a hannuna idan na ɗan taka. Duk ranar asibiti Baba sai ya riƙa buga ƙofa da hannunsa na hagu yana maimaita kalmar nan, ni kuma in yi kunnen uwar shegu in ƙara muryar rediyo.

Wata safiyar Alhamis, an kwana ana ruwa, muna kan babban titi za mu asibiti, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Na ji ƙas kamar an karya itace, gaban motar ya fara lilo hagu da dama. Baba ya daka mini tsawa in tsaya, da murya tar irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun da ya kwanta. Allah Ya taimake ni na gangara gefe. Wani mai faci da ke kusa ya zo ya tsuguna, ya yi salati. A cikin kusoshi biyar da ke riƙe da wilin, biyu sun karye. Sauran notuna ukun da yatsa ya kwance su, ko sifana bai ɗauko ba, kuma kowanne zagaye uku ya yi ya faɗo masa a hannu. Na juya na kalli Baba, ya riƙe bel ɗin kujera da hannu ɗaya. A nan na gane da tayar ta fice, ni zan iya dafe wani abu, shi ko kansa ba zai iya karewa ba.

Wani maƙwabcinmu ya zo ya mayar da shi gida, kuma daga ranar Baba ya ce shi da mota har abada. Ba tawa kaɗai ba, kowace iri. Maƙwabcin ya yi tayin kai shi asibiti, ya girgiza kai. Na roƙa, na yi kuka, na turo dattawan unguwa, ya juya fuska bango. Mako ya wuce, na biyu ya bi, ina kallon yatsun da suka fara buɗewa suna komawa suna dunƙulewa. Na fahimci ba tsoro kaɗai ba ne. Ya faɗa mini gaskiya na ƙi ji, kuma ba shi da wata hanyar nuna fushinsa sai wannan. Sai na daina roƙo. Na ɗaura ɗamara a kan cewa sai na san abin da ya gani da kallo ɗaya wanda ni ban gani ba, kuma sai na gyara shi a gabansa.

Da na koma wurin mai shagon, ya ce in kawo motar a sauya kusoshin a sake ɗaurewa da ƙarfi. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Tsofaffin wilina kuma ya ce ya riga ya sayar. Na sa aka ja motar zuwa Rafin Guza wurin wani dattijon bakanike da suka yi aiki da Baba a garejin gwamnati. Ya ce 'yata zauna, ya ba ni benci, ya kifa wilina a ƙasa kusa da na wata mota irin tawa. Ya gitta katako a kan kowanne ya auna zurfin cikinsu, ya nuna mini bambancin. Ya ce wannan shi ake kira ofset, wato ko wili ya nutse ciki ko ya fito waje, kuma lambarsa tana nan a buge a bayan wilin, ba wanda ya juya ya duba. Nawa ya nutse da yawa, shi ya sa ya gugi birki. Sifesan da aka sa ya cinye tsawon kusoshin, noti ya rasa inda zai kama. Ya kuma rufe ɗan bakin ƙarfen da ramin tsakiyar wili ke hawa ya daidaita, shi ya sa tayar take rawa tana kwance notunan a hankali. Ya ce sifesa ba haramun ba ne, amma yana son dogayen kusoshi da wanda ya san aikinsa, kuma a irin motata noti sai ya yi zagaye bakwai ko takwas kafin a ce ya kama. Ya ƙare da cewa shiga daban, zama daban, nawa shiga ya yi.

Ya rubuta mini lambobin da zan nema a takarda. Na sa ta a jaka tare da tef ɗin awo irin na teloli, na shiga shago shago bayan an tashi aiki. Duk inda aka ce mini ramuka biyar ne sai in ce a kifa mini shi. Wasu su yi tsaki, wasu su kira ni Hajiya injiniya, ni dai in tsuguna in goge datti in karanta. Sau biyu ana ce mini bambancin kaɗan ne, sifesa zai gyara, na ɗauki jakata na yi gaba. Sai a mako na uku na samu guda huɗu da suka dace, baƙaƙe, na ƙarfe, marasa kyan gani.

Dattijon ya sauya kusoshin duka, ya lallaɓo da motar ƙofar gidanmu da safe, ya ɗaga ta a jak. Na fito da Baba a kujerarsa, ya kau da kai. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na durƙusa, na ɗora wilin, ya hau bakin ƙarfen cif ba tare da komai a bayansa ba. Na sa noti da hannu ina ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, har takwas. Na ɗauki na biyu. Wajen taya ta biyu na lura ya juyo, leɓɓansa suna bin ƙirgata. Da muka zo notin ƙarshe sai ya miƙo hannun hagu. Muka matso da kujerar, na sa masa notin a tafi, ya murɗa da kansa a hankali har ya tsaya. Dattijon ya bi su duka da sifana ya ɗaure, aka sauke motar. Baba ya dube ni, karon farko cikin mako biyar, ya nuna ƙofar gaba da sanda.

Mun koma asibiti, kuma ba mu sake tsallake rana ba. Amma hannun bai dawo inda ya kai ba. Likitoci ba su ce laifina ba ne, sun ce ciwon haka yake, ni ce nake faɗa wa kaina. Yau Baba da hagu yake cin tuwo, kuma ba ya yarda ya ci a gaban baƙo.

Na rubuto ne don masu sauya wili saboda ado, maza da mata. Yawan ramuka ba shi ne dacewa ba. Ku kifa wilin ku karanta lambar bayansa, ku gwada da ta motarku. In aka ce sai an sa sifesa, ku tsaya a kai ku sa notin da hannunku ku ƙirga zagayensa, kada ku ji kunyar durƙusawa a gaban mai shago. In sitiyari ya fara rawa, ku tsaya a ranar. Kuma in akwai tsoho a gidanku da ya san abin, ko kalma ɗaya ce ta rage masa a baki, ku kashe rediyo ku saurare ta.