Ranar Da Ba-Yau-Ba Ya Kwance Sitiyari

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa, har matarsa ma sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Kowa Ba-Yau-Ba yake ce masa. Dalili kuwa, in ka kai masa mota ka tambaye shi yaushe za ka dawo ɗauka, ko ɗago kai ba ya yi daga cikin inji, sai dai ka ji, "Ba yau ba."

Shekara talatin da biyu ke nan yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farcensa baƙi ƙirin har ranar Lahadi. Kunnensa na hagu ya mutu tun ranar da wata taya ta fashe kusa da shi, kuma matarsa ta haƙiƙance shi yake juyo mata duk lokacin da ta fara magana. Garejin nasa rumfar kwano ce da rami ɗaya, sai benci mai ƙafa uku, dutse ya cika ta huɗun. A bango akwai allon katako da ya zana siffar kowace sifana a kai, don ya san wadda ta yi ƙafa. Mota ba ta barin wurinsa sai ya hau ta da kansa, ya gangara da ita bayan gareji ya taka birki sau uku. Masu gaggawa sun gudu sun bar shi, kuma bai bi kowa da roƙo ba.

A coci bencin baya yake zama, in ya ɗaga murya a waƙa kamar salansar mota ta fashe. Ba ya wa'azi. Iyakar abin da aka taɓa ji ya faɗa shi ne, wanda zai duba aikinsa a ƙarshe ba mai mota ba ne, kuma ba a ɓoye masa noti da fenti. Abin alfaharinsa ɗaya ne: tsohuwar bas ɗin ikilisiya. Shekara goma sha ɗaya shi ke kula da ita, kyauta, kuma duk taron shekara sai an kira shi ya miƙe an tafa masa. Yakan ɓata rai kamar ba ya so. Yana so mana.

To, ranar wata Alhamis ya shiga ƙarƙashinta ya tarar bututun man birki ya yi tsatsa yana ɗiga. Ya aika a kawo sabo, aka ce sai Litinin. Ranar Asabar kuwa ƙungiyar mata za ta tafi gasar waƙa, tafiyar awa uku, da doguwar gangara kafin gada. Mata arba'in, kuma matarsa ce mai ba da waƙa. Wata uku tana rera ta a gida, har mataccen kunnen nan ya haddace.

Ranar Juma'a sai ga dattijon ikilisiya, shugaban kwamiti, wanda kuma yayan matarsa ne. Ya tsaya nesa da rami don kada mai ya taɓa masa takalmi.

"Ƙanena, an ce ka ce bas ba ta tafiya."

"Ita ce ta ce, Yaya. Ni faɗa kawai na yi."

"Ka naɗe wurin da roba ka cika mai. Zuwa da dawowa ne fa. Gobe da safe ka tsaya gaban matan ka ce lafiya lau, hankalinsu ya kwanta. Sauran mu bar wa addu'a. Mun riga mun ɗibiya mata hannu, mun sa mata albarka."

"Kun ɗibiya wa fenti hannu. Bututun yana ƙasa, ban ga wanda ya sunkuya ba."

"Ba ka da bangaskiya ne?"

"Ina da ita, Yaya. Shi ya sa ba zan sa Ubangiji ya taka birkin da ya ba ni ido in gyara ba."

Dattijo ya ce a ƙauyensu ma yara ba sa yi masa irin wannan baki. Ya ce akwai wani bakanike a bakin kasuwa da ba ya jayayya da manya, gobe da sassafe zai zo. Ya kaɗa riga ya tafi.

Ba-Yau-Ba ya daɗe yana kallon bas ɗin. Sannan ya ɗauko babbar sifana ya shiga, ya kwance sitiyari, ya rungume shi ya nufi gida. Matarsa ta gan shi a ƙofa, ta dubi abin da ke hammatarsa.

"Baban yara, ina sauran motar?"

Ya yi mata bayani. Ta ce wata uku. Ta ce an ɗinka kaya iri ɗaya. Ta ce shekararta hamsin da biyar, wannan ne karo na farko da aka ba ta gaba, kuma muryar ba za ta jira shi ya gama taurin kai ba. A wannan karon da kunnen daman ya saurara, har ta gama. Sannan ya tura sitiyarin ƙarƙashin gado.

Asabar da safe harabar coci ta cika da mata da jakunkuna da kuloli. Da yake gareji yana fuskantar ƙofar harabar, an jawo bas da igiya a miƙe, ba wanda ya leƙa ciki, bakaniken bakin kasuwa ya naɗe bututu da roba, ya cika mai, ya ce ko ƙasar waje za ta je. Sai direba ya hau ya zauna, ya miƙa hannu biyu ya kama iska.

Ba-Yau-Ba yana zaune a kan dakalin coci, sitiyari a cinyarsa. Fasto ya zo ya zauna kusa da shi, mutum ne mai sanyin murya.

"Baba, bas ɗin ta ikilisiya ce. Sitiyarin ma haka."

Wannan ta shige shi. Gaskiya ne, kuma shi ba ɓarawo ba ne. Ya miƙe, ya je ya ɗaura abinsu da kansa, ya ƙulle noti tam kamar yadda ya saba. Dattijo ya saki fuska, ya kama kafaɗarsa ya juyo da shi gaban matan.

"Ga mai kula da motar da kansa. Faɗa musu, ƙanena, su shiga da kwanciyar rai."

Idanu tamanin suka zubo masa. Akwai wadda ta yi masa jinyar uwarsa a cikinsu, akwai wadda ya riƙe wa ɗa a baftisma. Kalma biyu kawai suke so, su tafa masa, su yi ta sa masa albarka har gada. Ya goge hannunsa a wando.

"Iyayena, ƙannena, birkin nan roba ce ke riƙe da shi. A miƙaƙƙiyar hanya zai iya kamawa. A gangara ban sani ba, shi ma wanda ya naɗa bai sani ba. Mai yiwuwa ku je ku dawo lafiya ku yi mini dariya shekara guda. Amma a ƙofar ɗakin Ubangiji nake tsaye, ba zan ce lafiya lau ba. Wanda ya ga dama ya yi fushi."

Dattijo ya ce daga yau hannunsa ya fita daga motar ikilisiya, kwamiti zai rubuta masa.

"A rubuta da manyan baƙaƙe, Yaya, idona ya fara rauni."

Dattijo ya ce mata su shiga, rana tana yi. Duk suka juya suna kallon mai ba da waƙa, don ita ce ta farko a layi, ƙafarta ɗaya ma tana kan matakala. Ta dubi yayanta, ta dubi mijinta kamar za ta cinye shi ɗanye. Sannan ta sauke ƙafar.

"Shekara talatin ina dafa wa mutumin nan abinci," ta ce, "ko sau ɗaya bai taɓa yi mini ƙaryar gishiri ya yi daidai ba. Ni ba na shiga."

Ɗaya bayan ɗaya suka fara sauke kuloli. Wata ta yi kuka, wata ta ce wa Ba-Yau-Ba Allah ya shirye shi, da muryar da ba ta addu'a ba ce. Gasa dai ta wuce su.

Matarsa ta cilla masa jakarta a ƙirji.

"Ɗauki. Kuma kada ka yi mini magana sai na neme ka."

Ta yi gaba cikin sabbin kayanta, ya bi ta a baya da jaka a kafaɗa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa direba ya sa dutse a bayan taya, harabar tana da ɗan gangare. Direba ya ce, "Ai an sallame ka, Baba."

"An sallame ni," in ji Ba-Yau-Ba. "Sa dutsen."