Kasaken da Inna Ƙande Ta Baƙanta

Sadisu ya yi turus tun daga bakin zaure, da ya hango kasakensa goma sha biyu jere a tsakar gida, baƙi ƙirin. Jiya farare ya kawo su.

Inna Ƙande, maginiyar tukwane ta Dogo-Dogo, na zaune kan kifaffen turmi tana ɓarar gyaɗa. Shekara arba'in tana gini, har yatsunta sun karkace. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma da launin harshen wuta take sanin tukunya ta gasu, kuma randunanta ne ke fara ƙarewa a kasuwar Dungas.

"Inna, me kika yi musu?"

"Abin da ake yi wa kowace tukunya. Na fiddo su da zafinsu, na binne cikin ƙaiƙayi suka sha hayaƙi. In ba ka kaya fari fat kamar ba su ga wuta ba, a yi da ni a gari?"

Farin garin da ya shafa wa kasaken shi ne ragowar da ya samo daga labo, ɗakin binciken makarantar da yake karatu. Idan haske ya taɓa garin, yana cinye ƙazantar ruwa, irin ta rini. Sai dai ultrabiyole kaɗai yake kamawa, ɗan ƙanƙanin kaso na hasken rana da ido ba ya gani. Binciken Sadisu shi ne ya sa garin ya yi aiki da hasken da ido ke gani, har da wanda ba a gani sai dai a ji ɗuminsa. Tanderun labo ya lalace, shi ya sa ya kawo mata gashi. Saura wata guda ya miƙa aikin. In ya kasa, shekara ta tafi.

Ta dube shi. "Ɗan nan, kuka tun ba a gwada ba? Kawo ruwan shuɗin naka."

Ya zuzzuba ruwan rinin da ya zo da shi cikin kasaken a rana, ya rufe da gilashi mai tare ultrabiyole. Ta ɗauki kasko ɗaya ta kai ɗaki.

"Sabon kasko shan abu gare shi. Kar yumɓu ya shanye shuɗin, ka ce rana ce."

Kunya ta kama shi. Ruɗewa ta mantar da shi wannan.

Da la'asar ruwan da ke rana ya washe. Na ɗaki na nan da shuɗinsa. Ashe baƙaƙen kasaken sun yi aiki ba tare da ultrabiyole ba.

Ya aika kasake uku Yamai a auna. Malaminsa ya ce sai an tabbatar ko baƙin ya shiga jikin garin, ko kuwa kunkunniya ce da za ta wanke.

Yau kwana tara, sakamakon bai zo ba.